Tsutsa ta cinye mana ganyen kaɗanya, itacen zai mutu ne?

Ɗan Ngong:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka, nan wajenmu kudu da Garwa tun da damina ta sauka wata tsutsa ƙatuwa kamar yatsa ta hau kaɗanyoyi ta cinye ganye tas, sai ka ce rani, in ka tsaya a ƙarƙashi kashinta na zubo maka a ka kamar yayyafi. Mata sun damu saboda man kaɗe. Mu yi feshi ne ko yaya?

Malamin Gona Marwa:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, wannan ta kaɗanya ce, duk shekara tana zuwa. Uwarta irin malam buɗe littafin nan ne na dare mai bin fitila, ita ke saka ƙwai a reshe, in tsutsar ta ƙoshi sai ta sauko ta shige ƙasa a gindin itacen ta kwanta sai baɗi. Kaɗanya kuma tana sake toho cikin 'yan makonni. Wanda ke kashe itace shi ne a cinye ganyen shekara biyu uku a jere ga kuma fari ko gobarar daji a kai. A Amurka an ga haka, wani Bafaranshe ne ya kai wata irin tsutsa kusa da Boston a 1869 wai zai yi siliki da ita, ta kuɓuce masa, a 1981 kaɗai ta tsige ganyen daji sama da hekta miliyan 5, don can ba ta tarar da abokan gabanta na gida ba. Tamu kuwa tsuntsaye da ƙadangaru sun santa.

Maman Biyu:
Kai malam har da mutane ma! A Burkina wajen Bobo tsince ta ake yi da asuba, a tafasa a shanya a kai kasuwa, kuɗi ne sosai. Ni dai ba zan iya ba gaskiya. Amma don Allah kar ku zuba maganin auduga, yara na tsintar kaɗe a ƙasa suna sha, ga kaji, ga zuma.

Baba Tijjani Injamena:
Ni wadda ta fi ba ni haushi ta maɗaci ce, ba ganye take ci ba, tsakiyar tohon take hudawa sai itacen ya yi ta rassa ya ƙi miƙewa, katako ya lalace. In shuka ƙanana gare ka daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace ka fesa da yamma. Babban itace kam ina famfonka zai kai?

Ɗan Ngong:
Na gode iyayena da yayyena, feshi an fasa. Maman Biyu nawa suke sayar da kwano a can, don nan buhu ma sai mu cika wallahi.