Zaizayewar ƙwaƙwalwa: kalmar da na tsaya a kanta

1/ Jama'a, kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat. Ina ɗan rubutu ne kan Oleh Hornykiewicz, masanin ƙwaƙwalwa na birnin Viyana a Ostiriya, wanda ya rasu a 2020 yana da shekara 93. Sai na yi karo da abin da Turawa ke kira neurodegeneration, wato ƙarewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Kusan duk aikin mutumin a kanta ya ƙare, ni kuwa ba ni da ita da Hausa. Shekaranjiya na jefa tambaya kan me za mu kira ta da Hausa, kun amsa. Ga inda na kwana.

2/ Kafin a raɗa suna, a ga jaririn tukuna. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhu, idan an yanka ana ganinsa da ido kamar an shafa gawayi. Ƙwayoyin da ke wurin su ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. A mai cutar Parkinson ƙwayoyin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, har wurin ya koɗe.

3/ A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya bai wa zomaye maganin da ya sandarar da su, sannan ya ba su lebodofa, maganin da jiki ke mayarwa dofamin, suka miƙe. Amma zomo ba mutum ba ne. Hornykiewicz ne, tare da Herbert Ehringer, ya auna ƙwaƙwalen mamata, ya ga dofamin ya yi ƙasa ƙwarai a ta masu Parkinson. Ƙwaƙwalen masu cutar da suka auna ba su kai goma ba. Suka buga a 1960, da Jamusanci. A 1961 ya shawo kan likita Walther Birkmayer aka yi wa marasa lafiya allurar lebodofa ta jijiya. Waɗanda ba sa iya tashi daga kwance suka tashi, suka taka. Bayan 'yan sa'o'i jiki ya koma gidan jiya.

Ku riƙe wannan komawar, don da ita zan auna kalmominmu. Maganin yana cike gurbin sinadarin, ba ya dawo da ƙwayar da ta tafi. Har yau haka abin yake, duk da George Cotzias ya nuna a 1967 cewa shan maganin da yawa ta baki yana riƙe mutum tsawon lokaci.

4/ To, kalmar da aka fi turo min ita ce "lalacewar ƙwaƙwalwa". Ban karɓa ba. Na farko, buhu ce mai ɗaukar komai: wanda ya faɗi a babur ƙwaƙwalwarsa ta lalace, yaron da sanƙarau ya taɓa ma haka. Na biyu, ka ce wa dattijo a gaban iyalinsa ƙwaƙwalwarsa ta lalace, ai ka ce masa mahaukaci. Alhali mai Parkinson kan yi shekaru da hankalinsa garau, jikin ne ya ƙi bin umarni.

5/ "Mutuwar ƙwaƙwalwa": a'a, wannan ta wanda ke kwance a na'ura ce. "Shanyewa" tana da masu ita, shanyewar ɓarin jiki da shan inna, su kuma farat ɗaya suke zuwa. "Ƙanjamewa" ta yi ma'ana, sai dai kun san da wace cuta kunne zai haɗa ta.

6/ Wani dattijo ya rubuto min cewa, "Ɗana, ai tsufa ne, me ya kai ka neman suna?" Baba, Allah Ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Muhammad Ali yana da shekara 42 aka tabbatar masa da cutar a 1984. Kuma da zarar an ce tsufa, an rufe maganar asibiti ke nan, sai a shimfiɗa wa tsoho tabarma a zaure.

7/ Masu cewa "karkarwa" ko "makyarkyata" kuwa, alama suka ba mu, ba tushe ba. Akwai masu Parkinson da hannunsu ba ya rawa sam. Abin da ke damunsu nauyin jiki ne da sandarewa, taku ya gajarce, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna fara'a. Cutar Huntington kuma, wadda ita ma 'yar gidan ce, motsi ne ke yi wa mutum yawa ba da sonsa ba. Muna neman sunan da zai rufe su duka.

8/ Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ce ta kawo "zaizaya". Ina karantawa na gyara zama. Duk wanda ya san kwazazzabo a bayan gari ya san yadda take: bana ruwa ya ɗebi taki ɗaya, baɗi ya ƙara, ba wanda ya kula, sai ranar da katanga ta zube a ce yau abin ya faru. Haka cutar take. Lokacin da hannu ya fara rawa, babban kaso na ƙwayoyin ya riga ya tafi, saura ne ke ta ƙoƙarin rufe giɓi. Wannan ma yana cikin abin da Hornykiewicz da abokan aikinsa suka nuna a babban bincikensu na 1973. A hankali take ci, gaba take yi, abin da ta ɗauka ba ya dawowa. Uku ke nan cikin kalma guda.

9/ An yi min gyara mai kyau: zaizaya daga waje take zuwa, ruwa ko iska, wannan kuwa daga ciki take ci, ta fi kama da gara a azara. Gaskiya ne, cikin ƙwayar ne wani furotin ke dunƙulewa. Amma Hausa ta riga ta raba mana gardama. "Ruwa ya zaizaye ƙasa" yana da mai aikatawa. "Ƙashi ya zaizaye" ba ya buƙatar kowa. Don haka ba zaizayar ƙwaƙwalwa ba, zaizayewar ƙwaƙwalwa. Kunne ma ya saba, tunda ana cewa zaizayewar ƙashi da ta guringuntsi a shirye-shiryen lafiya.

10/ Na guji "jijiya" da gangan. Jijiyar jini, jijiyar agara, jijiyar da ke kai saƙo, duk suna ɗaya muke ba su. Inda cutar ta taɓa laka sai a ce zaizayewar ƙwaƙwalwa da laka.

11/ Wani abu da ya tsaya min a rai: takardar 1960 ɗin nan sai a 1998 aka buga fassararta da Ingilishi. Da aka ba da kyautar Nobel ta 2000 ga Carlsson da wasu biyu ba tare da Hornykiewicz ba, masana fiye da 250 suka sa hannu a wasiƙar ƙorafi.

12/ Ga jimlar kamar yadda za ta shiga rubutun: "Hornykiewicz ya shafe fiye da shekara hamsin yana binciken cututtukan motsi masu nasaba da zaizayewar ƙwaƙwalwa." Saura sunan ɗan wurin nan mai duhu. Ni dai "baƙin tabo" nake juyawa a baki, amma tabo na nufin aibi, shi kuwa duhunsa shi ne lafiyarsa. Wa ke da wata?