Maki 214 da likitanci a ABU, muhawara a guruf ɗin zuri'a

Kawu: Salamu alaikum. Na ji autan gidan Yaya ya ci 214 a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, kuma likitanci ya zaɓa, ABU Zariya zaɓin farko. Ni dai maganata ɗaya ce, duk wanda ya bar shi a haka ya ja masa zaman gida na shekara guda. A canza kwas ko makaranta tun ana karɓar canji.

Anti Ƙarama: Haba Kawu kar a kashe wa yaro gwiwa mana, 214 fa ba wasa ba ne, a 2025 cikin wajen mutum miliyan 1.9 da suka zana sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kuma a shekarar JAMB da kanta ta ce 150 ya isa shiga jami'a. In da rabo sai ka ga an samu

Yaya Malam: Anti wancan 150 ɗin mafi ƙanƙanta ne, kowace jami'a tana da nata makin kuma kowane kwas da nasa. Likitanci hukumar likitoci MDCN ce ke yanke wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, ko shugaban jami'ar ba shi da ikon ƙarawa yadda ya ga dama. Su waɗanda ba su kai 200 ba ai ba da su zai yi gasa ba, da masu 280 da 300 zai kara kuma ga jarrabawar tantancewa a gaba

Anti Ƙarama: To ai ba maki kaɗai ake bi ba, jami'o'in tarayya kashi 45 ne na cancanta, 35 na 'yan yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, mu kuwa muna ciki

Yaya Malam: Haka ne wallahi amma a cikin kason ma daga sama ake ɗebowa, kuma yaran Kaduna da Kano da Katsina masu son likitanci kusan kowa ABU ko BUK yake hari

Ɗan Goggo: Ni abin da ba a faɗa wa yara shi ne zaɓi na biyu kusan ado ne, yawancin jami'o'i wanda ya sa su a farko kawai suke kira. In kana son jami'ar Dutse ko ta Dutsin-Ma ko ta Gusau sai ka je ka canza ka maida su farko, gurbin foli da na kwalejin ilimi ma mutane cikewa suke da ka kawai don fom ya wuce

Anti Ƙarama: Shikenan ya sa wani kwas ɗin kimiyya a ABU ɗin in ya shiga ya koma likitanci

Ɗan Goggo: Anti kar ki ɗora shi a wannan hanyar don Allah, a ajinmu da yawa da wannan niyyar suka shigo kuma a nan suka gama. In likitancin yake so da gaske gara ya sake JAMB baɗi ko ya yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ya nemi shiga aji biyu, ita ma ba a ba da tabbas

Kawu: Sake JAMB ɗin ai shi ne zaman gidan da nake gudu.

Goggo: Ku duk maki kuke lissafi ba wanda ya yi maganar kuɗi, shekara shida ne fa ga littattafai ga haya ga kuɗin mota, a tambayi uban yaron abin da zai iya ɗauka, jami'ar jiharmu tana nan kusa da gida ba wanda ya ambace ta

Yaya: Ina ta karantawa Allah ya saka. Amma akwai abin da ban faɗa ba, D7 ya samu a fiziks a WAEC, NECO muke jira

Yaya Malam: Kai Yaya ai da wannan ya kamata a fara! Ba kiredit a fiziks babu likitanci ko 350 ya ci, kuma wasu makarantun zama ɗaya suke nema ba sa yarda a haɗa sakamako biyu. A turo min sauran darussan in duba kwas ɗin da za su ɗauka kafin a biya kuɗin canji