PII: da wace kalma za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, a taimaka. Ina fassara takardar gargaɗi ga ma'aikata kan yadda ake adana fayil a ofis, sai na ci karo da abin da Turawa ke taƙaitawa da PII. Suna nufin duk bayanin da zai kai ka ga mutum guda takamaimai: sunansa, ranar haihuwarsa, lambar fasfo, asusun bankin da ake tura masa albashi, zanen yatsunsa.

Da farko na rubuta "bayanan sirri", don shi kunne ya saba ji. Na goge. Sunan ma'aikaci ba sirri ba ne, kowa a ofis na kiransa da shi. Kuma in ka ce wa akawu "tsare bayanan sirri", hankalinsa zai tafi kan kwangila da lissafin ribar kamfani, ya bar takardar albashi shimfiɗe a kan tebur.

Wani malami ya ce in sa "bayanan shaida". Allah Ya ƙara sani, Malam, amma shaida na jan mutum zuwa kati ko kotu. Haɗarin kuwa yana cikin haɗuwar ƙananan abubuwa. Ranar haihuwa ita kaɗai ba ta nuna kowa. Haɗa ta da muƙami da sashen aiki, ka kama mutum. Shi ya sa na fi karkata ga "bayanan gane mutum". Ba shi da ado, amma ya faɗi aikin.

Saura rukuni na biyu, mafi nauyi. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta ware wasu bayanai daban: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago. A 2020 hukumar kare bayanai ta birnin Hamburg a Jamus ta ci kamfanin sayar da tufafi na H&M tarar kusan Yuro miliyan 35, saboda shugabanni sun riƙa rubuta rashin lafiyar ma'aikata da matsalolin iyalinsu suna ajiyewa. A 2015 kuma aka kutsa cikin kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, aka kwashi zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Kalmar sirri ana sauya ta, yatsa fa?

Wasu na kiran wannan rukuni na biyu "bayanai masu muhimmanci". Wannan ya yi sanyi, ai jadawalin aiki ma muhimmi ne. Ni na rubuta "bayanan rufin asiri", don Bahaushe na jin haka ya san in sun fita mutuncin wani ne zai zube.

Ga jimlar yadda ta fito: "Kada a bar bayanan gane mutum a fayil marar makulli; bayanan rufin asiri kuwa sai wanda aikinsa ya shafa." Wanda ya ji ta yi masa tauri a baki, ya kawo gyara kafin in miƙa.