Tambaya kan marigayi Ivan Mauger da tseren babur marar birki

Makaniken Babur:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata gyaran babur ce, na kai shekara 19 ina yinta, kuma ban taɓa miƙa wa mutum babur ɗinsa ba sai na tabbatar birkin gaba da na baya suna ci. Shi ya sa wani tsohon bidiyo da na ci karo da shi a YouTube a makon jiya ya tsaya mini a rai. Mutum huɗu ne a kan babura suna zagaya wani fili mai siffar ƙwai wanda babu kwalta a kansa, in sun zo kwana sai tayar baya ta zame gefe tana feshin ƙasa, mahayin kuma ya sauke ƙafar hagu yana jan ta. Na maimaita kallon ya fi sau goma ina neman birki a jikin baburan, ban gani ba. Wanda ya ci tseren sunansa Ivan Mauger, an ce ya rasu a 2018, an kuma ce da wuya a samu kamarsa a wannan wasa. Ina roƙon masu sani su yi mini bayanin ko wane ne shi, da abin da ya fi sauran da shi, tunda a idona baburan nasu duk iri ɗaya ne.

Tsohon Mai Bin Wasanni:

Wa alaikumus salam, Malam. Idonka bai yaudare ka ba, babu birki a jikinsu, kuma giya ɗaya tak gare su. Turawa suna kiran wasan speedway. Injin mai silinda ɗaya ne, girmansa 500cc, kuma metanol yake sha maimakon fetur. Mahaya huɗu ke jeruwa a bayan wata igiya, da zarar ta tashi sama sai su saki kuloci, su yi zagaye huɗu suna juyawa hagu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na ɗaya yana samun maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi hannu rabbana. Ƙafar hagun da ka ga suna ja, takalmin ƙarfe ne ake ɗaura mata a kan na fata. Da totur da zamewar tayar baya ake rage gudu a kwana.

Shi kuwa mutumin, ana furta sunansa kamar a ce "Meja". An haife shi ranar 4 ga Oktoba 1939 a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, birnin da ya fitar da zakarun duniya biyu a wannan wasa kafin shi, Ronnie Moore da Barry Briggs. Yana ɗan shekara 17, a 1957, ya ɗauki amaryarsa Raye suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya je ƙungiyar Wimbledon ta Landan inda waɗancan manyan nasa biyu suke. A nan ne nake so ka tsaya ka duba, domin masu ba da labarinsa sukan yi saurin tsallake wurin: bai yi nasara ba. Kaka biyu ya yi yana samun hawa jefi-jefi, yana haɗawa da aikin share fili da gyaran wurin wasa don ya ciyar da iyalinsa, daga ƙarshe ya tattara ya koma gida ba tare da kowa ya yi kewarsa ba. Shekaru huɗu ya yi yana tsere a Ostareliya da ƙasarsa yana sake koyon sana'ar, sai a 1963 ya dawo Ingila, ƙungiyar Newcastle ta ɗauke shi, kuma mutumin da ya dawo ba yaron da ya tafi ba ne.

A wancan zamani dare ɗaya ake yanke zakaran duniya: mahaya 16, tsere 20, kowa ya hau sau biyar, mafi yawan abin da mutum zai tara maki 15. Inji ya ba ka matsala sau ɗaya, aikin shekara ya tafi. A irin wannan tsari Mauger ya kai wasan ƙarshe sau 14 a jere, daga 1966 zuwa 1979, ya ɗauki kambun sau shida: 1968 a Gothenburg, 1969 a Wembley, 1970 a Wrocław ta Poland, 1972 a Wembley kuma, 1977 a Gothenburg, sai 1979 a Chorzów ta Poland, yana gab da cika shekara 40. Da wannan na ƙarshen ya wuce Ove Fundin na Suwidin mai biyar, kuma sai a 2005 Tony Rickardsson ya kamo shi, lokacin an riga an koma tsarin tara maki a wasanni da yawa cikin shekara. Ban da waɗannan, ya ci kambun duniya na dogon fili, wato irin wannan tsere a fili mafi tsawo, sau uku, a 1971 da 1972 da 1976.

Abin da ya fi su da shi, a ganina, shiri ne. Yawancin mahayan zamaninsa mutane ne masu ƙarfin hali da suka dogara da baiwa, shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin sana'a mai lissafi: yana kula da lafiyar jikinsa, yana nazarin ƙasar fili kafin a fara, yana tsara kakarsa gaba ɗaya domin ƙarfinsa ya kai ƙololuwa a daren ƙarshe na Satumba. Sai kuma tashi daga igiya, wanda a nan ne sunansa ya fi fita.

Mazaunin Manchester:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ina so in ƙara abin da ido ya gani, domin gidana ba shi da nisa da filin Belle Vue, ƙungiyar da Mauger ya hau wa daga 1969 zuwa 1972, ta kuma ci gasar ƙungiyoyin Birtaniya sau uku a jere yana cikinta, 1970 da 1971 da 1972. Tsohon filin Hyde Road da ya yi wasa a kai an rushe shi tun ƙarshen shekarun 1980, wanda ake amfani da shi yanzu a 2016 aka buɗe shi. Ranar da na fara zuwa na tsaya kusa da kwanar farko, ban san dalilin da ya sa mutanen wurin suka ɗaga takardunsu suka kare fuska ba sai da baburan suka wuce, jar ƙasa ta zubo mana kamar an watsa tsakuwa. Warin metanol da man inji yana kama riga har gida. Dattawa da yawa suna zuwa da allo da biro, suna rubuta makin kowane tsere da hannunsu, kuma in ka ambaci Mauger a cikinsu ka buɗe hirar da ba ta ƙarewa da wuri.

Sai dai gaskiya ita ce ba duka ne suke ƙaunarsa ba, ko da yake duka suna girmama shi. Wani dattijo da na saba tsayawa kusa da shi ya fi son Peter Collins, zakaran 1976, wanda yakan fito a baya ya bi ta waje kusa da katanga yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya. A wurinsa wannan shi ne abin da mutum ya biya kuɗi ya gani. Mauger kuwa yakan riga kowa isa kwanar farko, ya tare layin da ya fi riƙe taya, daga nan sai sauran su bi shi suna shan ƙura har a gama. Dokar wancan lokaci ma ta ba da damar mutum ya riƙa motsawa gaba da baya a bakin igiya, shi kuma ya ƙware wajen amfani da wannan ya rikita abokan karawarsa, sai daga baya aka tsaurara dokar. Ni kaina na kan ji cewa akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin dattijon, domin tseren da aka gama shi a daƙiƙa biyar na farko ba ya tayar da tsikar jiki.

Tsohon Mai Bin Wasanni:

Ɗana, na gode da wannan, kuma wannan ƙorafi ya daɗe, tun Mauger yana raye ake yinsa. Amma ban yarda tashi daga igiya ƙaramin abu ba ne, kuma mai tambayarmu zai fi mu ganewa. Ka sa babur mai ƙarfi a kan ƙasa mai santsi, in ka saki kuloci da garaje taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, in ƙasar ta riƙe fiye da zatonka gaban babur ya ɗaga sama. Sai ka san yadda aka jiƙa filin, da girman haƙoran da za ka sa a baya, da inda za ka ɗora nauyin jikinka, kuma duk wannan yana canzawa daga tsere zuwa tsere a dare guda. Wanda ya yi shekara 14 yana daidaita wannan fiye da kowa, ba sa'a yake ci ba.

Kuma ranar da aka riga shi tashi an ga abin da ya faru. A 1973 a Chorzów ya yi kunnen doki da Jerzy Szczakiel, ɗan Poland da ba wanda ya sa shi a lissafi, aka sake haɗa su su biyu a gaban dubun-dubatar mutanen ƙasar. Szczakiel ya riga shi fita, Mauger ya matsa ya nemi wucewa ta ciki, ya bugi babur ɗin Szczakiel ya faɗi, kambu ya tafi. Shekara shida bayan haka, a wannan fili dai, ya ɗauki na shidansa. A shekarar kuma ya jagoranci Niyu Zilan ta ci kofin duniya na ƙasashe a White City ta Landan, wanda shi ne karo ɗaya da ƙasar ta taɓa cinsa. Kada kuma a manta da cewa shi ya ɗauki Ole Olsen na Denmark ya koya masa sana'ar a Newcastle, har yaron ya zo ya doke shi a wasan ƙarshe na 1971, ya kuma zama zakara sau uku. Mai rowar sani ba ya yin haka.

Ƙarshensa ne yake taɓa mini zuciya. Bayan ya daina hawa a tsakiyar shekarun 1980 ya zauna a Gold Coast ta Ostareliya yana shirya wasanni yana koyar da matasa, sai ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, irin wanda ke raba mutum da kalmomi da tunani a hankali. Mutumin da ya riƙe lissafin kowane fili a kansa ya zo magana tana yi masa wuya. Ya rasu ranar 16 ga Afrilu 2018 yana da shekara 78, kuma Ronnie Moore, wanda Mauger ya bi sawunsa zuwa Wimbledon yana yaro, ya bi shi a watan Agustan shekarar.

Mazaunin Manchester:

Na karɓi gyara, Baba, musamman kan batun Olsen. Akwai abu ɗaya da zai yi wa Malam Makanike daɗi. Kafin wasan 1970 wasu Amurkawa biyu sun yi wa Mauger alkawarin cewa in ya ci karo na uku a jere za su lulluɓe babur ɗin da zinariya. Ya ci da maki 15 cif, suka kuma cika alkawari: aka kai babur ɗin, ƙirar Jawa, Amurka, aka kwance shi gaba ɗaya aka shafe sassansa da zinariya aka mayar. Yana nan a hannun gidan adana kayan tarihi na Canterbury da ke Christchurch.

Makaniken Babur:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Yaya. Na koma na sake kallon bidiyon bayan karanta bayaninku, wannan karon ban kalli kwana ba, hannunsa na hagu na zuba wa ido a bakin igiya, sai na ga kafin sauran ukun su motsa shi ya riga ya ba su tazarar rabin babur. Gobe da safe zan nuna wa yaran garejina wannan wurin, domin akwai biyu a cikinsu da har yanzu suke ƙona kuloci in sun tashi babur. Sauran tambayata ɗaya ce, Baba: tunda metanol suke sha, yaya girman jet ɗin kafiretonsu yake in an kwatanta da na fetur?