Laburaren BAC na ɗan Adam: kulon nawa ya isa, kuma me ke sa gutsattsari su fito ƙanana?

Ɗalibar_Lab:
Assalamu alaikum, malamai. Idan za a gina laburaren BAC (tarin gutsattsarin DNA da ake adanawa cikin bakteriya a kan kuromosom na wucin gadi) don tsara taswirar kuromosom na ɗan Adam, kulon (rukunin bakteriya mai ɗauke da gutsuren DNA iri ɗaya) nawa ake buƙata? Sannan me ke sa a yanko DNA mai tsawon kb 150 (harafi 150,000) daga jel ɗin da ake ware DNA bisa tsawo, amma in an gwada kulon da NotI, enzayim mai yanka DNA, sai a tarar yawancinsu ba su kai kb 60 ba?

Malam_Jinom:
Wa'alaikumussalam. DNA ɗin mutum harafi ne kusan biliyan 3. In kin raba da 150,000 za ki samu kulon 20,000, amma wannan ninki ɗaya ne kawai. Gutsattsarin ba a jere suke shiga ba, wani wurin ya maimaitu sau uku, wani ko ɗaya babu. Lissafin Clarke da Carbon na 1976 ya nuna sai ninki 4.6, wato kulon kusan 92,000, kafin a rufe kashi 99 cikin 100. Taswira kuwa tana son gutsattsari su hau kan juna sosai, don haka a nufi ninki 10: kulon 200,000, faranti mai rami 384 kusan 520.

Anti_PFGE:
Ƙanwata, matsalarki ta biyu daga tacewa take. Ƙananan gutsattsari suna maƙalewa cikin manya a jel, kuma sun fi saurin haɗuwa da bekta (DNA ɗin da ke ɗaukar gutsuren) da shiga bakteriyar E. coli DH10B, sai su mamaye laburaren. Ki yanko yankin, ki sake gudanar da shi a PFGE (hanyar ware manyan gutsattsarin DNA a jel da lantarki mai sauya alkibla) karo na biyu. Kada hasken UV ya taɓa yankin da za ki yi aiki da shi, gefen jel kawai za ki rina. Tun farko a daskarar da ƙwayoyin halittar cikin agaros (sinadarin da ake yin jel da shi), a narkar da furotin da enzayim ɗin proteinase K a ciki, a kashe enzayim ɗin da sinadarin PMSF, in ba haka ba zai cinye HindIII, enzayim ɗin da za a yanka DNA da shi. Bakin fifet (bututun ɗiban ruwa) ya zama mai faɗi, kuma ban da girgizawa. Bayan haɗa gutsattsarin da bekta da ligas na T4 (enzayim mai liƙa DNA) a 16°C a cire gishiri, don shi ke sa tartsatsi lokacin tura DNA cikin bakteriya da lantarki.

Malam_Jinom:
Haka ne, Anti. Ƙari ɗaya: ko ninki 20 aka yi da enzayim guda, giɓi zai rage a inda wuraren yankansa suka yi ƙaranci, musamman kusa da sentiromiya, wato ƙugun kuromosom. A haɗa laburare biyu, na HindIII da na EcoRI, wani enzayim ɗin yanka DNA. Kuma kada tsawon YAC (takwaran BAC da ake adanawa cikin yisti) ya ja hankalinki. Yana ɗaukar har kb 1,000, amma sau da yawa gutsure biyu daga kuromosom daban suke mannewa a kulon ɗaya, su ɓata taswirar. A tabbatar da mazaunin kulon da FISH (gwajin da ke haskaka wurinsa a kan kuromosom) kafin a sa shi a taswirar.