Wa ya fi raina tsofaffi a cikinmu?

Malam Bala: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ban yarda da zancen nan na cewa mu ma muna raina tsofaffi ba, raina tsofaffi halin Turawa ne masu kai iyayensu gidan ajiye tsofaffi. Mu nan Kaduna har ƙasa yaro ke durƙusa wa dattijo.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Malam. Durƙuso daban, ganin ƙima daban wallahi. Ka tsaya bakin titin Kawo ka ga yadda ɗan keke ke wuce tsohuwa tana ɗaga hannu don kar ta ɓata masa lokaci wajen hawa, tsoho ya sa baki a taron gida a ce rabu da shi gigin tsufa ne, kuma in yaro ya kwanta ciwo wa ake fara jifa da maita in ba tsohuwar da ba ta da kowa ba?

Abba: Gaskiyar Anti ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce rabin mutanen duniya na da wannan ƙyamar, kuma ta fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Waɗanda suka fi faɗawa ciki su ne matasa, maza, masu ƙarancin ilimi, da masu yawan fargabar mutuwa.

Malam Bala: Maza kuma? Haba Abba, wa ke biyan kuɗin magani?

Hajiya Rabi: Biyan kuɗi ai ba zama ba ne Malam. Wa ke yi wa tsohuwa wanka, ta dama mata kunu, ta saurari labari ɗaya kullum? Mai zama da tsoho shi ke sanin mutum ne kamar kowa. Yaranmu na yanzu sai Sallah suke ganin kakanni, ko wasan jika da kaka ba su iya ba.

Maman Ilham: Ni batun ilimin ne ban gamsu ba, na ga mai digiri a banki yana daka wa ɗan fansho tsawa don yatsansa ya ƙi hawa na'ura.

Abba: Rahoton bai ce kowane mai ilimi ya tsira ba Anti. Ni na fargabar ce ta fi tsaya min, mutum ya ga hannu na rawa ya tuna nan zai zo, sai ya kau da kai.

Malam Bala: Wannan kam ban yarda ba, Musulmi kullum ana tuna masa mutuwa. Talauci ne ya sa mutane ƙosawa da iyayensu.

Hajiya Rabi: To masu kuɗin Unguwar Rimi da ke bar wa 'yar aiki uwarsu fa Malam, su ma talaucin ne?