Basir: abin da kowa ya gwada da abin da ya yi masa amfani

Tela daga Zariya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara 3 ke nan ina fama da basir, ga shi sana'ata ta zama ce, domin tun hantsi har bayan isha'i ina kan keken ɗinki. Idan na zaga nakan daɗe ina yunƙuri, sannan in ga jini ja wur, wani lokaci har tsiro ya leƙo ya koma da kansa. Na sha jiƙe-jiƙen masu lasifika na bakin tasha har na gaji, gudawa kawai suke sa ni, bayan kwana biyu ciki ya sake ɗaurewa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mini da shawara.

Direban babbar mota:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ni a hanyar Kano zuwa Legas na kwaso nawa, saboda ina matse bayan gida idan babu wurin tsayawa, ina kuma ƙin shan ruwa don gudun fitsari, abincina bai wuce shayi da burodi da tsire ba. Likitan da ya duba ni ya ce jijiyoyin jini ne na dubura suke kumbura saboda taurin bahaya da yawan yunƙuri, don haka maganin farko shi ne bahaya ta yi laushi. Tun daga nan jarkar ruwa ba ta barin gefen kujerata, na koma cin wake, da kwaɗon zogale, da gwanda ko kankana duk inda na same su. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina shiga banɗaki da waya, amma yanzu ba na wuce minti 5. Idan abu bai zo ba, in tashi.

Mai jego:
Ni da cikina na biyu ya taso mini, ƙwayar ƙarin jini da ake ba mu a awo ta kuma ƙara ɗaure mini ciki. Ban daina shanta ba, sai dai na gaya wa ungozomar asibiti, ta ce in yawaita miyar kuɓewa da alayyahu da ruwa. Zama cikin ruwan ɗumi a baho na minti 15, safe da dare, shi ya fi kwantar mini da raɗaɗin. Ɗumi nake nufi, Yaya, kada ka yi da irin ruwan wankan jego mai ƙuna.

Ma'aikaciyar jinya:
Baban tela, tsiron da yake komawa da kansa mataki na biyu ne cikin matakai huɗu, kuma irinsa sau da yawa ba sai an yi tiyata ba. Akan ɗaure tushensa da ɗan zoben roba, cikin mako guda ya bushe ya faɗi. Man shafawa mai hydrocortisone yana rage ƙaiƙayi, amma ba a zarce mako guda da shi sai da izinin likita, kuma tramadol da kodin suna ƙara taurin ciki. Yaji ba shi ne yake haifar da basir ba, zafin fita kawai yake ƙarawa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kiran komai basir, daga ciwon baya har zuwa kasala. Na taɓa jinyar wani dattijo da ya shekara yana shan sassaƙe, yana ramewa, bahayarsa tana fita da jini mai duhu, da aka leƙa hanjinsa da na'ura sai aka tarar ƙari ne. Jinin da ya ɗauki shekara 3 yana zuba ya isa a duba shi, a kuma auna ko jininka ya yi ƙasa.

Tela daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kunyar tuɓewa gaban likita ce ta hana ni zuwa tun farko, amma in Allah ya kai mu Litinin zan je in yanki kati. Yau dai na fara miƙewa daga kan keke duk bayan awa ɗaya, har yaran shago suna tambaya ko wani abu nake nema.